Takardar Shaidar Lafiyar Matuƙin Jirgin Sama da Yadda Ake Nemanta ta Intanet



Maƙasudin wannan lacca shi ne yin bayani a kan wata 'yar takarda wadda ake ninkewa a sa a aljihu, amma idan babu ita matuƙin da ya shekara talatin yana tuƙi ba shi da ikon ɗaga jirgi daga ƙasa. Wannan takarda ita ce shaidar lafiya. Lasisin tuƙi yana nuna cewa mutum ya koyi aikin, ita kuwa tana nuna cewa jikinsa da hankalinsa za su iya ɗaukar aikin daga yau zuwa wani wa'adi da aka yanke. A zamanin nan hukumomi suna ta mayar da neman wannan takarda kan intanet, har wasu matasa sun ɗauka cewa abu ne da ake gamawa a waya, kamar rajistar jarrabawa. Wannan zato shi nake so mu gyara tare.

Domin kada magana ta tsaya a sama, zan ɗauki misalin saurayi ɗaya, mu ce ɗan Sabon Birni ne ko ɗan Isa, wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya, ya kuma ƙudura a ransa sai ya tuƙa jirgi irin wanda ya gani yana kwasar alhazai a filin jirgin sama na Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato. Koyon tuƙin jirgi yana daga cikin karatu mafi tsada a duniya. In ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa ba, to sai dangi sun sayar da gona a fadamar Rima, ko shanu, ko gida. Saboda haka tambayar ko jikin yaron nan zai ci gwajin likita ta shafi dukiyar gida guda tun kafin ta shafi rayukan fasinjoji.

Asalin al'amarin

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano sun iso ne ran 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Tun kafin wannan rana ƙasashen Turai sun riga sun gane, daga abin da suka gani a Yaƙin Duniya na Ɗaya, cewa yawancin lokaci matuƙi yakan gaza tun jirgi bai gaza ba. Shi ya sa yarjejeniyar Paris ta 1919 ta ƙunshi sharuɗɗan lafiyar matuƙa. Tsarin da ake bi a yau ya samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifar da ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, mai hedkwata a Montiriyal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe 193 ne a cikinta, kuma kundinta na farko, wanda ya shafi lasisin ma'aikata, shi ne ya tsara abin da likita zai duba.

A Nijeriya hukumar NCAA, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, ita ce ke zartar da waɗannan sharuɗɗa, a Nijar kuwa hukumar ANAC ce da ke Yamai. Watau Bagobirin Sabon Birni da ɗan'uwansa na Tsibiri, ko da yake iyaka ta raba su, kuma ɗaya zai cika takardunsa da Ingilishi ɗaya da Faransanci, ma'auni ɗaya za a ɗora su a kai.

Me ya sa aka tsananta haka? Dalili na farko shi ne, Allah bai halicci jikin ɗan Adam domin zama a inda jirgi ke tafiya ba. Babban jirgin fasinja yakan yi tafiya a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye. Ana matsa iska a cikinsa, amma duk da haka wanda ke ciki kamar yana kan dutse ne mai tsayin da zai iya kai ƙafa 8,000, inda iskar oksijin da ke shiga huhu ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na abin da muke shaƙa a nan ƙasa ba. Duk wata iska da ta maƙale a cikin jiki, a kunne ko a kogon hanci ko a hanji, takan kumbura da kusan sulusi. Idan kuwa matsin iskar jirgi ya ɓace farat ɗaya a wancan tsayi, matuƙi ba shi da fiye da daƙiƙa 30 zuwa 60 na cikakken hankali da zai sa abin shaƙar iska a fuskarsa. Ciwon da mutum ke yawo da shi a kasuwa bai san da shi ba, a can sama yake bayyana.

Dalili na biyu shi ne faɗuwar matuƙi a bakin aiki. Ran 18 ga Yuni 1972 wani jirgin kamfanin BEA ya faɗi kusa da garin Staines jim kaɗan bayan tashinsa daga Landan, mutum 118 suka rasu. Da aka binciki gawar kyaftin sai aka tarar jijiyoyin zuciyarsa sun toshe ƙwarai, kwamitin bincike kuma ya lissafa wannan cikin abubuwan da suka jawo haɗarin. A shekarun da suka biyo baya likitocin jiragen sama suka tsayar da wata ƙa'ida da suke kira ta kashi ɗaya cikin ɗari. Ma'anarta, a jirgin da matuƙa biyu ke tuƙawa, ana yarda da mutum idan yiwuwar ciwo ya kayar da shi farat ɗaya cikin shekara guda ba ta wuce ɗaya cikin ɗari ba. Ku lura da wannan da kyau. Likitan ba cikakkiyar lafiya yake nema ba, don babu mai ita. Lissafin haɗari yake yi, lissafi kuwa ba ya fita daidai sai an ba mai yinsa alƙaluman gaskiya.

Takardar aji uku ce. Aji na ɗaya na matuƙan da ke tuƙi domin albashi ne, wa'adinsa wata 12, yakan koma wata 6 ga wanda ya haura shekara 60, ko wanda ya haura 40 idan shi kaɗai yake tuƙa jirgin fasinja. Aji na biyu na masu tuƙi domin kansu ne, da ɗalibin da zai fara tashi shi kaɗai. Aji na uku na jami'an hasumiya ne masu ba jirage hanya, irin waɗanda ake horarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da makarantar EAMAC ta Yamai. A shekara 65 kuma tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasa da ƙasa ya ƙare ga kowa, komai lafiyarsa.

Abin da ake yi ta intanet

Tsarin da ya fi daɗewa, wanda kuma 'yan Nijeriya masu zuwa koyon tuƙi a Amurka suke cin karo da shi, shi ne MedXPress na hukumar jiragen saman ƙasar. Tun ran 1 ga Oktoba 2012 aka daina karɓar fom na takarda a can. Ingila ta koma irin wannan hanya a 2021 da wani tsari mai suna Cellma, a 2025 kuma NCAA ta ba da sanarwar mayar da aikin lasisi da na shaidar lafiya kan tsarin kwamfuta mai suna EMPIC. Sunaye sun bambanta, amma ginin ɗaya ne, don haka zan yi bayani da na Amurka.

Mai nema yakan buɗe rajista da adireshinsa na imel da lambar sirri. Sa'an nan ya cika sunansa da ranar haihuwa da ajin takardar da yake so. Daga nan sai tambayoyin da su ne zuciyar al'amarin. Wane magani kake sha yanzu, ko likita ne ya rubuta ko kai ka saya da kanka? Ka taɓa suma, ko jiri mai tsanani, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko tsakuwar ƙoda, ko ciwon sukari, ko taɓin hankali ko damuwa? An taɓa kwantar da kai a asibiti? Waɗanne ma'aikatan lafiya ka gani cikin shekara uku da suka wuce, kuma don me? Tambayar cututtuka ba ta ce bana ko bara ba, cewa ta yi a duk tsawon rayuwarka. Idan ya aika, kwamfuta za ta ba shi lamba, ya kai wa likitan da hukuma ta amince da shi cikin kwana 60, in ba haka ba fom ɗin ya ɓace sai ya sake sabo. Da zarar likita ya buɗe fom da wannan lamba, ya zama takardar hukuma, ba a janye shi.

To, kun ga abin da intanet ta ɗauke shi ne rubutu da aikawa da ajiya. Ba ta auna jini, ba ta leƙa kunne. Dole saurayinmu ya hau mota ya je gaban likita da jikinsa, kuma ba kowane likita ba. Ko babban likitan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya rubuta masa cewa lafiyarsa ƙalau, takardar ba ta da amfani a wannan fage sai idan yana cikin likitocin da NCAA ta horar ta kuma naɗa domin gwajin ma'aikatan jiragen sama. Hukumar tana fitar da jerin sunayensu, sun kuwa fi yawa a manyan birane irin su Legas da Abuja. Duk wanda ya ce zai samo maka takardar ta waya ba tare da ka tuɓe riga gaban likita ba, kuɗinka yake so.

A nan ne ɗan gabashin Sakkwato yake da nasa matsaloli waɗanda masu tsara kwamfuta ba su yi tunaninsu ba. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa suna ciki, har waɗanda ke kusa da iyaka suka koma laluben layin Nijar. Ko a lokacin da layi ke aiki, al'adar da aka saba ita ce a tafi shagon kwamfuta a birni, a miƙa wa yaron shago takardu ya cika. Wannan hanya ta wadatar a rajistar jarrabawa, amma a fom ɗin lafiya haɗari ce. Yaron shago yana da layin mutane a bayanka, zai bi tambayoyin nan ya danna "a'a" daga sama har ƙasa cikin minti biyu. Kai ma kuwa ba za ka so ka faɗa masa a gaban jama'a cewa ka taɓa faɗuwa kana kumfa ba. Amma sunanka ne a ƙarƙashin fom, kai ne ka yi shaida, ba shi ba. Shawarata ita ce mutum ya buɗe imel nasa na kansa, ya riƙe lambar sirrinsa, ya karanta kowace tambaya a natse, in Ingilishin likitanci ya yi masa nauyi ya nemi ma'aikacin lafiya da ya amince da shi ya fassara masa.

Sai kuma batun suna da shekaru, wanda ma'aikatan gwamnati da ke nan sun fi ni saninsa. Yaro ɗaya ne, a takardar firamare Mamman, a ta sakandare Muhammadu, a katin ɗan ƙasa Mohammed. A wata takarda sunan mahaifinsa ne na ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu, Sabon Birni ko Gobir ko Isa, kamar yadda muka gada tun zamanin makarantun midil. Ranar haihuwa kuwa ta 1 ga Janairu ce, wadda aka samo da takardar rantsuwa a kotu, wataƙila ma an rage shekara biyu. Akawu yakan gane cewa duk mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta ganewa. Tun da lasisi da fasfo da shaidar lafiya tilas su dace harafi da harafi, kuma wa'adin takardar da irin gwajin da ake yi sun rataya a kan shekaru, wajibi ne a daidaita waɗannan takardu tun kafin a taɓa fom.

A gaban likita

Likita yakan fara da ido. Aji na ɗaya yana bukatar kowane ido ya kai ma'aunin 6/9, idanu biyu tare kuma 6/6, da tabarau ko babu. Na nanata wannan saboda yaran da suka haƙura da burinsu don kawai suna sa tabarau suna da yawa. Mai tabarau yana tuƙi, sai dai a rubuta masa a takarda cewa dole ya sa, ya kuma riƙe na biyu a kusa. Abin da ya fi shafarmu shi ne tabon da amodari ko ƙyanda kan bari a baƙin ido tun ana yara, wanda tabarau ba ya gyarawa.

Akwai kuma rashin bambance launi, wanda ake haihuwar mutum da shi, ya fi yawa ga maza, kuma mai shi yakan girma bai sani ba. Fitilar fiffiken hagu na jirgi ja ce, ta dama koriya, fitilun da ke nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ƙasa da yawa wajen sauka kuwa ja ne da fari. Ana gwadawa da littafin da wani likitan Japan mai suna Ishihara ya fitar a 1917, mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi da lamba a ɓoye cikinsu. Kada wani ya ji tsoro don mu Hausawa mukan kira shuɗi mai duhu baƙi. Ba sunan launi ake tambaya ba, lamba ake so ka karanto.

Kunne shi ne inda nake jin tsoro ga yaranmu. Ana sa wa mutum abin saurare a ɗaki marar hayaniya, a riƙa sako masa sauti siriri da mai kauri. Ƙa'idar aji na ɗaya ita ce kada raunin ji a kowane kunne ya wuce desibel 35 a sautukan da maganar mutane ke ciki, ko desibel 50 a sautin da ya ɗara su kaifi. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ta 2017 kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ta fi yi wa ɓarna. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sun tashi da kunne ɗaya a mace, sun saba da juya lafiyayyen wajen mai magana har sun manta. Haka nan yaron da kunnensa ya yi ta zubar da mugunya yana ƙarami, ana ɗiga masa mai ko ruwan ganye, yakan girma da huji a fatar kunne. Wasu daga cikin waɗannan ana gyara su da aiki, wasu ba a iyawa, amma gwajin ji ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin sa'a guda ta koyon tuƙi.

Zuciya ana ɗaukar zanen bugunta da na'ura, a auna hawan jini, a duba fitsari domin sukari da alamun ciwon ƙoda. Hawan jini ba ya hana tuƙi idan ya sauka da maganin da aka yarda da shi. Tsagen Gobirci a fuska, tun da na san wani zai tambaya, ba ya cikin abin da ake dubawa.

Batun sikila yana bukatar a tsaya a kansa, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadonta, watau AS. Mai cikakkiyar cutar, SS, ba ya samun takardar, saboda ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke lanƙwasa ƙwayoyin jininsa su toshe jijiyoyi. Game da mai AS an daɗe ana gardama. A shekarun 1950 likitoci sun ba da rahoton mutane masu AS da saifarsu ta sami matsala a jiragen da ba a matsa iska a cikinsu, wannan ya sa wasu rundunonin soja suka daɗe suna ƙin ɗaukarsu. Amma kundin ICAO ya bayyana cewa rabin gadon sikila galibi ba ya hana a ba mutum shaidar lafiya ta farar hula. Saboda haka mai AS ba shi da dalilin ɓoyewa, ko na zuwa wani ɗakin gwaji ya sayi takardar AA, abin da zai mayar da shi maƙaryaci a kan abin da da ma ba laifi ba ne.

Abin da ake ɓoyewa

Duk abubuwan da na lissafa na'ura tana kama su. Akwai wasu kuwa da babu na'urar da ke kamawa a zama ɗaya, sai mai su ya faɗa. Farfaɗiya tana kan gaba. A garuruwanmu ba a ambatonta, saboda aure da mutuncin gida. Akan ce iska ce ta taɓa yaro, a kai shi wajen mai ruƙiyya ko mai magani, babu wani kati na asibiti da zai nuna ta taɓa faruwa. Mai farfaɗiya yana iya wuce gwajin likita sumul. Amma rashin barci da gajiya da walƙiyar haske, waɗanda su ne abincin yau da kullum na matuƙi, su ne kuma masu tayar da ita. A ɗaya gefen, jijjigar da zafin zazzaɓi kan sa ƙaramin yaro, wadda tsofaffi ke kira bugun tsuntsu, idan ba ta sake dawowa ba bayan ƙuruciya, galibi ba ta hana komai. Likita ne zai rarrabe tsakanin biyun, shi ya sa ya kamata saurayi ya zauna da mahaifiyarsa ya tambaye ta tarihin jikinsa kafin ya cika fom. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a wannan fage kuwa uwa ce mai ɗakin.

Na biyu shi ne lafiyar hankali. Ran 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings da ya taso daga Basalona ya kulle ƙofa ya kai jirgin ga dutse a Faransa da gangan, mutum 150 suka hallaka. Bincike ya nuna likitocinsa sun rubuta masa hutun rashin lafiya, bai kai wa kamfaninsa ba. Na kawo wannan ne saboda yaron da ya tashi a Sabon Birni ko Isa cikin shekarun nan ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wani an kashe nasa, wani an sace nasa an biya fansa, wani ya kwana a daji. Firgita cikin barci da faɗuwar gaba da ƙuncin rai bayan irin wannan ba hauka ba ne, ciwo ne da ake magani, kuma wanda ya warke yana iya tuƙi. Tun 2010 Amurka take barin matuƙa masu shan wasu magungunan damuwa su yi aiki ƙarƙashin kulawa.

Na uku ƙwaya ce. Taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, da wiwi, duk fitsari yana tona su, kuma a wannan aiki ana iya gwada mutum ba tare da sanarwa ba. Har jiƙe-jiƙen gargajiya na basir da shawara ya kamata a faɗa, don ba kullum mai sha ya san abin da aka zuba a ciki ba.

Abin da masu ɓoyewa ba su sani ba shi ne, dokar tana da sassauci. Kundin ICAO ya yarda a ba wanda bai cika wani sharaɗi ba takarda, idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar cewa raunin ba zai jawo haɗari ba, a rubuta masa iyaka, alal misali kada ya tuƙa sai da mataimaki, ko sai da rana. Tun 2012 Ingila take barin wasu masu ciwon sukari da ke allurar insulin su tuƙa jirgin fasinja bisa tsattsauran tsari. Mace mai juna biyu, idan cikin ba shi da matsala, ana iya barinta ta yi tuƙi daga ƙarshen mako na 12 zuwa ƙarshen na 26. Ƙarya ce ba a yi wa sassauci. A Amurka hukuncin ƙarya a wannan fom yana iya kai tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara 5, ban da soke lasisi. Kuma a nan ne intanet ta sauya al'amari da gaske. Fom na takarda yakan kwanta a kabad, na kwamfuta kuwa ana gwama shi da na bara da na wasu ma'aikatu. A 2023 ta bayyana cewa hukumar Amurka tana binciken matuƙa kusan 4,800, tsofaffin sojoji, bayan an gwama bayanansu da na ma'aikatar da ke biyansu kuɗin rashin lafiya, aka ga akwai cututtukan da suka faɗa a can ba su faɗa a nan ba.

Yanzu sai in juya ga ma'aikatan hukumomin ba da tallafin karatu da na ƙananan hukumomi. Jihohin Arewa sukan ɗauki nauyin matasa su koyi tuƙi, kamar yadda Jihar Kano ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan a 2013. Duk lokacin da irin wannan dama ta zo, jerin aikin yana da muhimmanci. Doka ta yarda ɗalibi ya fara da aji na biyu, amma wanda ake so ya ci abinci da tuƙi, aji na ɗaya ya kamata a nema masa tun ba a biya ko kwabo na makaranta ba, kada sai ya yi shekara yana karatu a gano ba ya bambance ja da kore. Kafin ma a ɗora yaro a kan hanyar Goronyo ko ta Gundumi da halin da suke ciki, a kai shi Abuja ko Legas, ana iya tace masu nema a Sakkwato da gwajin rukunin jini na sikila, da na ido da launi, da na ji, da awon hawan jini. Wanda bai dace da tuƙi ba sau da yawa ya dace da injiniyancin jirgi ko hasashen yanayi, a karkatar da shi can tun da wuri.

Wanda kuma ya sami takardar, nauyi bai sauka daga kansa ba. Doka ta hana shi tuƙi duk ranar da ya san lafiyarsa ta ragu, ko da wa'adin takardarsa bai cika ba. Zazzaɓin cizon sauro, wanda mu a nan mukan sha magani mu tafi aiki da shi, yana saukar da matuƙi har sai ya warke sarai, kuma akwai maganin rigakafinsa, meflokwin, da ba a yarda matuƙa su sha ba saboda yakan taɓa barci da tunani. Ƙwayar mura irin Piriton tana sa gyangyaɗi, mura kanta tana toshe kunne wajen sauka. Azumin Ramadan a ranar doguwar tafiya yana kawo ƙishirwa da raguwar sukarin jini a cikin busasshiyar iskar jirgi, shari'a kuwa ta riga ta ba matafiyi rangwamen ya sha ya rama. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ake so matuƙi ya yi shi ne ya kira likitan da ya gwada shi kafin ya sa kayan aiki, ya faɗa masa sunan maganin da lokacin da ya sha, likitan ya gaya masa kwana nawa zai zauna a ƙasa.